Idan Wuta Ta Ɗauke: Kula da Kilayan na Fayilolin Netwok a Kanel ɗin Linux da Abin da Yake Nufi ga Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Tsakure

Wannan takarda ta dubi aikin masu kula da ɓangaren kanel ɗin Linux da ke ba kwamfuta damar buɗe fayil ɗin da ke ajiye a wata na'ura kamar a cikinta yake. Ta bi NFS da SMB da CephFS da Coda, ta fi tsayawa a kan abin da kowannensu ke yi idan wuta ta ɗauke ko layi ya yanke. Matsayinta shi ne, hanyoyin farfaɗowa bayan katsewa su ne mafi tsada a wannan kod, su ne kuma mafi wuyar gwadawa, alhali a gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji katsewa abin yau da kullum ce. Don haka yankin yana da abin da zai kiyaye, yana kuma da abin da zai bayar.

1.0 Gabatarwa



Ofishi komai ƙanƙantarsa, da zarar kwamfutocinsa sun kai uku ko huɗu, sai an tambayi inda za a ajiye fayilolin da kowa ke buƙata. Abin da aka saba shi ne a ware na'ura guda, saba, ta riƙe su, sauran su riƙa buɗewa ta netwok. Manhajar da ke yi wa kowace kwamfuta wannan kai-da-kawo ita ce kilayan. A Linux, kilayan na manyan tsare-tsaren yana zaune ne cikin kanel, wato zuciyar tsarin da ke tsakanin manhajojin mai aiki da ƙarfen na'ura. Kuskure a wannan wuri yana iya daskarar da na'ura baki ɗaya, ko ya gurɓata bayanai kowa yana barci.

Na zaɓi gundumomi ukun nan ne saboda dalili na zahiri. Dukkansu suna kan babbar hanya ta ɗaya, Gidan Rumji daga yammacin Maraɗi, Agye da Gazawa daga gabas, ita Gazawa kuwa a 2011 aka cire ta daga Agye ta zama gunduma. A Gazawa ne layin wuta mai kilobolt 132 da ya taso daga Katsina yake sauka, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Kowa a yankin nan ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, abin da bai warware ba sai bayan da CEDEAO ta janye takunkuminta ranar 24 ga Fabrairu 2024. Ko babu rikici, zafin bazara da iskar farkon damina sun isa su sa janareta da sola su zama abokan aikin kowane ofishi. A cikin irin wannan yanayi ne ake son mayar da takardun haihuwa, da rajistar likita, da bayanan gonaki na hukumomin filaye da dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanada, zuwa cikin kwamfuta. Takardar gona da ta gurɓace a saba rigima ce tsakanin gida biyu, wani lokaci har jikoki.

2.0 Su wa ke riƙe da aikin

NFS ya fito daga kamfanin Sun Microsystems a tsakiyar shekarun 1980. An wallafa siga ta 2 a takardar ƙa'ida RFC 1094 a 1989, ta 3 a RFC 1813 a 1995, sannan 4.1 a 2010 da 4.2 a 2016. Trond Myklebust da Anna Schumaker ne suka daɗe suna kula da kilayan ɗinsa a Linux. Kilayan na yanzu na SMB, harshen da Windows ke raba fayiloli da shi, ya shiga kanel a 2002 ta hannun Steve French. CephFS, wanda ya samo asali daga aikin digirin digirgir na Sage Weil a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, ya shiga a siga ta 2.6.34 a 2010. David Howells na kamfanin Red Hat shi ya rubuta kilayan na AFS da ke cikin kanel, da FS-Cache, ma'ajiyar wucin gadi da ke kan faifan kwamfutar kanta.

Abin lura shi ne ƙarancinsu. Kod ɗin da miliyoyin na'urori ke dogara da shi, a kan teburin mutum biyu ko uku yake ƙarewa. Su ke duba facin da wasu suka aiko, su ke karɓar ƙorafi, su ke tura abin da suka amince da shi ga Linus Torvalds a makonni biyun farko na kowane zagaye, zagayen da ke ɗaukar mako tara zuwa goma. Gajiya kuwa ta zama abin magana a fili: a Agusta 2023 Darrick Wong ya sauka daga kula da tsarin fayil na XFS, ya kuma faɗi cewa nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Mafi yawan waɗannan mutane manyan kamfanoni ne ke biyan su albashi, abokan cinikin kamfanonin kuma cibiyoyin bayanai ne masu layin wuta biyu da janareta a gefe. Ba laifi ba ne. Sai dai matsalar da mai biya ya kawo ita ake fara dubawa, kuma matsalarsa ba irin tamu ba ce.

3.0 Abin da ke faruwa bayan katsewa

A nan zan daɗe, don nan ne nauyin takardar yake.

Mu ɗauki ma'aikaci yana adana fayil a saba ta NFS siga ta 3 ko ta 4. Don sauri, kilayan yana tura bayanan, saba ta amsa cewa ta karɓa alhali suna cikin ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, ba su sauka a faifai ba. Tare da amsar tana haɗo wata lamba ta shaida, wadda ke canzawa duk lokacin da saba ta mutu ta tashi. Kilayan ba ya zubar da nasa kwafin sai ya aika umarnin COMMIT ya ga lambar ba ta canza ba. Idan ta canza, ya san wuta ta ɗauke a tsakani, sai ya sake tura komai. Kamar ɗan aike ne mai hankali, wanda ba ya yaga takardarsa sai mai karɓa ya sa hannu. Wannan dabara tana aiki, amma akwai zaɓin async a ɓangaren saba da ke rusa ta, domin yana sa saba ta ce ta adana tun ba ta adana ba. Masu gyara da yawa suna kunna shi don ofishi ya ga sauri. A wurin da wuta ke ɗaukewa kullum, ni a ganina wannan ganganci ne da dukiyar jama'a.

Sai zaɓi na biyu, wanda ya fi raba kan masana: hard ko soft. A NFS, hard shi ne na asali. Idan saba ta yi shiru, kilayan zai ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa har abada, manhajar da ke jira ta tsaya cik. Ma'aikaci ya ga allo ya daskare, ya danna maɓallin kashewa, bayanan da ke hannun kilayan su tafi. Da soft kuwa, bayan an jira daƙiƙa 60 an sake gwadawa sau biyu, kamar yadda yake a tsarin asali kan TCP, kanel zai mayar wa manhaja da saƙon kuskure. Jagorar NFS ta Linux da kanta ta yi gargaɗin cewa soft na iya gurɓata bayanai a ɓoye, domin manhajoji da yawa ba sa duba ko rubutunsu ya yi nasara. Kilayan na SMB a Linux shi kuma soft ne asalinsa. Wato kwamfuta guda, ta jona da saba guda ta hanyoyi biyu, tana da ɗabi'a biyu mabambanta ranar da layi ya yanke, kuma kaɗan ne cikin masu kafa na'urori a ofisoshinmu aka taɓa faɗa wa haka.

Batun isar da saƙon kuskure ma bai daɗe da daidaituwa ba. A siga ta 4.13 ta 2017 ne Jeff Layton ya shigar da tsarin da ke tabbatar da cewa kuskuren rubutu ya isa ga duk wanda ke riƙe da fayil a buɗe. A 2018 masu manhajar adana bayanai ta PostgreSQL suka gano cewa sun shekara da shekaru suna ɗauka cewa idan umarnin fsync na sauke bayanai a faifai ya gaza za a iya maimaita shi a zauna lafiya, alhali kanel na iya riga ya saki bayanan. Idan gwanaye irin waɗannan sun yi wannan zato, me za a ce da ƙaramar manhajar rajista da ɗan kwangila ya rubuta cikin wata biyu?

Na uku shi ne kulle. Idan mutum biyu suna aiki a rajista ɗaya, ɗaya yana kulle sashen da yake rubutawa. A NFS siga ta 4, kullen yana da wa'adi, wanda a sabar Linux daƙiƙa 90 ne, kuma kilayan ne ke sabunta shi. Idan saba ce ta mutu ta dawo, tana buɗe lokacin sassauci, shi ma daƙiƙa 90, don tsofaffin masu kulle su zo su karɓi abinsu kafin a ba wa sababbi. Idan kilayan ne ya ɓace har wa'adi ya wuce, saba na da ikon ba wani kullen. Tun siga ta 3.12, kilayan na Linux da ya dawo ya tarar kullensa ya tafi yana ƙin ci gaba da rubutu, ya mayar da kuskure, don kada ya taka aikin wani. A siga ta 5.19 ta 2022 aka sassauta ɓangaren saba, ta yadda takan riƙe wa kilayan da ya ɓace matsayinsa har awa 24 muddin babu wanda ya nemi fayil ɗin. Wannan gyara ya fi amfanar irinmu fiye da waɗanda suka nema. CephFS yana da nasa lissafin: bayan daƙiƙa 300 na shiru sai a kori kilayan a toshe shi, kuma sai a siga ta 5.4 aka ƙara zaɓin da ke ba shi damar komawa da kansa ba tare da an sake jona shi da hannu ba.

Yanzu mu auna waɗannan lambobi da abin da ke faruwa a ofishin gunduma. Daƙiƙa 90 an yanka ta ne don saba ɗaya ta faɗi, ta biyu ta karɓa. A wurinmu wuta tana ɗaukewa ga kowa lokaci guda, amma ba kowa ke mutuwa tare ba. Na'urar da ke rarraba netwok takan fara mutuwa, saba ta biyo baya idan batirinta ya ƙare, laftof kuwa ta rayu awa biyu tana riƙe da bayanan da ba ta tura ba. Dawowa ma haka: janareta ya tashi, ya sake mutuwa bayan minti ɗaya, saba ta faɗi a tsakiyar lokacin sassaucinta. RFC ta NFS ta yi magana a kan irin wannan faɗuwa biyu a jere, ta kuma wajabta wa saba ta ajiye sunayen kilayan a faifai don ta san wanda ya cancanci karɓar kulle. Amma abin da ke rubuce a takarda daban, sau nawa aka bi ta wannan layin kod a zahiri daban. Ra'ayina shi ne layukan da ofis a Gazawa zai taka a mako guda, wata cibiyar bayanai ba za ta taka su a shekara ba.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke ƙara dagula lissafi. Mai gyara yakan kwafe faifan kwamfuta ɗaya ya zuba wa biyar, dukkansu da suna guda. NFS siga ta 4 kuwa daga sunan na'ura yake gina shaidar kilayan, sai saba ta ɗauka na'ura ɗaya ce ke mutuwa tana tashi, kowace ta riƙa share matsayin ƴar'uwarta. Na biyu agogo ne. Ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci a tsohuwar kwamfuta idan ya mutu, tana tashi da kwanan wata na shekarun baya, tsarin tantance masu shiga na Kerberos kuma ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5. Mai aiki zai ce netwok ya lalace, alhali batirin dala kaɗan ne.

4.0 Kanel ba ya zama wuri ɗaya

Dokar Linux ita ce ba a karya manhajojin masu amfani, amma hanyoyin cikin kanel ana canza su duk lokacin da aka ga dama. Wanda ya canza shi ke gyara duk kod ɗin da ke cikin bishiyar kanel. Wanda ya ajiye nasa a waje, shi zai bi da gudu.

Cikin ƴan shekaru kaɗai an sauya hanyar jona tsarin fayil tun daga siga ta 5.2, an kawo folio a 5.16 don sarrafa shafukan ƙwaƙwalwa, an sake rubuta FS-Cache a 5.17, an kuma gina netfs tun 5.13 don AFS da Ceph da 9P su daina maimaita aiki ɗaya, SMB ya biyo su a 6.10 a 2024. Kowane sauyi irin wannan yana bi ta hanyar rubutu da karatu, wato daidai inda hanyoyin farfaɗowa suke kwance.

Tarihi ya nuna makomar kod marar mai kula. Tsarin fayil na Lustre, duk da manyan kwamfutocin bincike na duniya suna amfani da shi, ya shiga sashen gwaji na kanel a 2013, aka fitar da shi a siga ta 4.18 a 2018 saboda gyaran da ake jira bai zo ba. A wannan sigar aka cire ncpfs na Novell NetWare. OpenAFS, wanda IBM ta saki a 2000 da lasisin da bai jitu da na kanel ba, har yau a waje yake, kusan kowace sabuwar siga sai an yi masa faci. Saboda haka duk wanda ya zo wa wata ma'aikata da tayin kanel na musamman da aka gyara don yanayin Nijar, a tambaye shi wa zai riƙe shi bayan kwangila ta ƙare. A 2023 an sanar da rage wa'adin kula da sigogin kanel masu dogon zango daga shekara shida zuwa biyu, kuma 4.19 ta rufe a Disamba 2024. Na'urar da aka kafa da kuɗin wani shiri aka bar ta shekara bakwai babu sabuntawa, tana ɗauke da kurakuran da aka gyara tuntuni a wani wuri.

5.0 Tsofaffin na'urori

Bayan harin WannaCry ya bi ta SMB1 ya mamaye kwamfutocin Windows a Mayu 2017, Linux ya daina fara magana da wannan tsohuwar siga daga 4.13. Hukuncin daidai ne. Amma Windows XP ba ta jin komai sai SMB1, haka tsofaffin sikana da akwatunan ajiya da yawa, irin kayan hannu da ke cika kasuwanninmu. Mai gyara sai ya rubuta vers=1.0 aiki ya tashi, ƙofar ɓarayi ta koma a buɗe. Wanda ya zama dole ya yi haka, ya ware na'urar daga intanet.

6.0 Tsakanin gunduma da Maraɗi

Wani zai ce: me zai hana a ajiye saba ɗaya a Maraɗi, Agye da Gazawa da Gidan Rumji su jona ta kai tsaye? Lissafi ya hana. Waɗannan tsare-tsare masu yawan tambaya ne. A kan tauraron ɗan'adam mai tsayuwa wuri ɗaya, zuwa da dawowar saƙo yana cin kusan milisakan 600. Aikin da ke buƙatar tambaya dubu ɗaya bayan ɗaya zai ci minti goma. FS-Cache yana rage karatu, amma ba ya ba ka damar ci gaba da rubutu idan layi ya yanke. CephFS kuwa yana son na'urori masu sa ido aƙalla uku da netwok mai ƙarfi a tsakaninsu, abin da ya fi ƙarfin ofishin gunduma.

Tsarin da ya fuskanci matsalarmu gaba da gaba shi ne Coda, wanda Mahadev Satyanarayanan da ɗalibansa suka fara a Jami'ar Carnegie Mellon a 1987. Kilayan yana tara fayilolin da mai aiki zai buƙata tun layi na nan, ya ci gaba da aiki idan ya yanke yana rubuta abin da aka canza, sannan ya daidaita da saba idan ya dawo, ya nuna inda aka yi karo don mutum ya raba gardama. Abin koyi a ƙirarsa shi ne ɓangaren kanel ƙarami ne, nauyin aikin yana kan wata manhaja mai suna Venus a wajen kanel. Coda bai yaɗu ba, ba kuma na ba kowa shawarar ɗora rajistar gunduma a kansa yau. Darasinsa dai ya tsaya: katsewar awanni ba a kanel ake maganinta ba. A bar NFS ko SMB cikin gini ɗaya, da hard, da sync, da batir ɗaya da ke riƙe saba da na'urar rarraba netwok tare, wanda zai kashe saba cikin tsari kafin ya ƙare. Tsakanin gunduma da jiha kuwa a yi amfani da kwafi da daidaitawa, irin rsync, ko manhajar da aka gina ta da sanin cewa layi zai yanke.

7.0 Abin da za mu iya bayarwa

Ba sai mun rubuta sabon tsarin fayil ba. Abin da masu kula da kod suka fi ƙishirwa shi ne rahoto mai kyau: sigar kanel, zaɓuɓɓukan da aka jona da su, saƙonnin kanel, kwafin zirga-zirgar netwok da tcpdump ya kama, da matakan da za a bi a sake haifar da matsalar. Kayan aikin duka kyauta ne. Akwai fstests da pynfs don gwaji, akwai netem da ke ƙirƙirar jinkiri da ɓacewar saƙo da gangan, akwai git bisect da ke gano facin da ya jawo matsala cikin canje-canje fiye da dubu goma da gwaji kusan 14. Wanda ya kawo rahoto ko ya gwada gyara, ana rubuta sunansa a tarihin kanel. Gyaran kuma ana mayar da shi ga tsofaffin sigogi, ya dawo mana ta Debian ko Ubuntu ba tare da mun riƙe komai a gefe ba.

Wata jami'a ta taɓa yin fiye da haka. Cibiyar CITI ta Jami'ar Michigan ce ta rubuta NFS siga ta 4 na farko a Linux, ta kuma karɓi baƙuncin tarukan da kamfanoni ke haɗa na'urorinsu su gwada juna. Ɗakin gwajin da nake so mu kafa bai kai nan tsada ba: tsofaffin kwamfutoci huɗu, na'urar rarraba netwok, da makunnin da manhaja ke sarrafawa don yanke wa kowace na'ura wuta a jere daban-daban, sannan a auna ko abin da aka rubuta shi ne abin da aka tarar. Jadawalin yankewar kuma kada a ƙirƙire shi a ka. A sa ƙaramar na'ura a ofishi ɗaya a Agye, ɗaya a Gazawa, ɗaya a Gidan Rumji, ta rubuta lokacin da wuta da layi suka tafi da lokacin da suka dawo har shekara guda, bazara da damina, a maimaita wannan jadawalin a ɗakin gwaji kan kowace sabuwar sigar kanel.

Ina kira ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ta ɗauki wannan a matsayin aikin kammala karatu ga ɗalibanta na kimiyyar kwamfuta, rukuni bayan rukuni, don kada ya mutu da tafiyar mutum ɗaya. Ina kuma kira ga hukumomin gundumomi da masu ba da kuɗin shirye-shirye da kada su sa hannu kan karɓar wata saba sai an zare mata wuta a gabansu ana tsakiyar rubutu, an mayar, an buɗe fayil ɗin an ga yana nan daidai.